Masallacin Culpeper da izinin ginin da ya maƙale a tankin bayan gida

Ranar Talata, 5 ga Afrilu 2016, 'yan majalisar gundumar Culpeper da ke jihar Virginia a Amurka, su bakwai, suka zauna a kan wata takarda da a al'adarsu ba ta kai a ɓata mata minti biyar ba. Wata ƙaramar ƙungiyar Musulmi ce take neman izinin binne tanki a filin da take son gina masallaci, tankin da ƙazantar bayan gida da ruwan alwala za su taru a ciki, mota ta riƙa zuwa tana zuƙewa. Tun daga 1992 majalisar ta karɓi irin wannan takarda har 26 daga 'yan kasuwa da wuraren ibada, tara daga ciki na coci-coci ne, kuma ba ta taɓa mayar da ko ɗaya ba. A ranar nan zauren ya cika. Da wani ɗan majalisa ya gabatar da ƙudurin a ƙi amincewa, sai tafi da sowa suka ɓarke daga wajen 'yan kallo. Huɗu suka ce a hana, uku suka ce a bayar.

Ba a kan masallaci aka kaɗa ƙuri'ar ba, a kan tanki ne. Sai dai a karkarar Virginia, duk wanda mahukunta ba su amince da inda ƙazantar gininsa za ta tafi ba, to ba zai riƙe takardar izinin gini a hannunsa ba, ko da filin nasa ne halak malak, ko da kuɗin aikin na ajiye a banki. Dalilin da ya sa na ɗauko wannan lamari ke nan. Ƙarami ne, eka ɗaya ce da jama'ar da ba ta wuce sahu biyu ba, amma a cikinsa ana ganin yadda izinin gini yake tafiya gaɓa-gaɓa a ƙauyen Amurka, ana kuma ganin ainihin gaɓar da son rai yake samun ƙofar shiga.

Wurin da mutanensa

Gunduma a Amurka ita ce mafi kusa da abin da muke kira ƙaramar hukuma, amma ta fi tamu ƙarfi a harkar ƙasa. Ita ke karɓar harajin gidaje da filaye, ita ke tsara wane yanki ne na zama, wane ne na noma, wane ne na kasuwanci. Jihar Virginia na da gundumomi 95. Culpeper tana kimanin mil 70 kudu maso yammacin birnin Washington, ƙasar gonaki ce da kiwon shanu da dawakai, ana hango tsaunukan Blue Ridge ta yamma. A ƙidayar 2010 tana da mutum 46,689, a ta 2020 kuma 52,552. An kafa ta a 1749, kuma a shekarar ne aka naɗa George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, yana ɗan shekara 17, ya zama safiyonta. A tsakiyarta akwai garin Culpeper mai ruwan famfo da bututun kwasar ƙazanta na hukuma. Da ka wuce inda bututun ya ƙare, kowane gida da rijiyarsa da sokawensa. Ba a Culpeper kaɗai ake haka ba: kusan gida ɗaya cikin biyar a Amurka da sokawensa yake dogaro.

Musulmin gundumar ba su da yawa. Bisa takardun da aka gabatar a kotu, a 2016 mutum 12 zuwa 20 ne ke halartar sallar Juma'a, a wani ɗan ƙaramin gida da ke harabar wurin sayar da motocin hannu. A lokacin babu masallaci a duk faɗin gundumar, mafi kusa sai an yi tafiyar kusan minti 45 a mota. Duk wanda ya taɓa zama inda Musulmi suke tsiraru ya san ma'anar wannan: Juma'a sai da neman izini a wurin aiki, tarawihi sai an yi lissafin mai da dare, yara kuma suna tasowa ba su san ɗakin karatun da za su kira nasu ba.

A Janairun 2016 ƙungiyarsu, Cibiyar Musulunci ta Culpeper, ta ƙulla cinikin fili eka ɗaya a kan titin Rixeyville, da wani tsohon gida da aka yi watsi da shi a ciki. Sun zaɓa da lura. A taswirar tsarin gundumar filin yana cikin yankin gidajen zama ne, inda dokar gundumar kanta ta halatta gina wurin ibada kai tsaye, ba sai an kira taron jin ra'ayin maƙwabta ba, ba sai majalisa ta ɗaga hannu ba. A tunaninsu sun tsallake babban shingen da ya saba tare masallatai a Amurka.

Izinin gini sarƙa ne

Mai neman gini a karkarar Virginia ba ofishi ɗaya yake zuwa ba. Zai fara da ofishin tsara ƙasa na gunduma, a duba ko abin da zai gina ya dace da yankin, a auna nisansa da titi da iyakar maƙwabci. Mafi yawan titunan karkara a Virginia jiha ce ke kula da su tun 1932, don haka mashigar mota daga titi zuwa fili sai da takardar ma'aikatar sufuri ta jiha. Zanen ginin kuma ana auna shi da ƙa'idar gini ɗaya da ta shafi jihar baki ɗaya tun 1973, jami'in gunduma ne dai ke zartar da ita. Bayan an fara aiki, sufeto zai zo ya leƙa ramin fandisho kafin a zuba kankare, ya dawo ya duba katako da wayar lantarki da bututu kafin a rufe bango, a ƙarshe ya ba da takardar shaidar cewa ginin ya isa a shiga.

Duk waɗannan aiki ne na tef da ƙa'ida. Ko ka cika ko ba ka cika ba, in ba ka cika ba za a nuna maka layin da ka saɓa, ka gyara ka dawo.

Amma kafin duk wannan akwai sashe na 32.1-165 na kundin dokokin Virginia. Ya hana kowace gunduma ko gari ba da izinin gina wurin da mutane za su zauna ko su taru a ciki, sai da rubutacciyar amincewar kwamishinan lafiya na jiha ko wakilinsa, kuma ba ya amincewa sai ya tabbatar akwai amintacciyar hanyar zubar da ƙazanta. Wato duba-gari ne ke riƙe da mukullin farko. Ni kam ina ganin hikimar wannan doka. Mu da muka san abin da kwalara take yi a unguwar da masai ya haɗu da rijiya a damina, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Sokawen Amurka ya ɗan bambanta da namu. Ƙazanta na shiga tanki, mai nauyin ya kwanta a ƙasa, ruwan saman ya bi ta wasu bututu masu huji da aka shimfiɗa a dogayen ramuka marasa zurfi. Daga nan ƙasa ce ke yin sauran aikin: ruwan yana tsiyaya a hankali, ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna cinye dattin kafin ya kai ga ruwan rijiya. Saboda haka ba kowace ƙasa ce ke karɓa ba. Masanin ƙasa zai zo da abin huda, ya murɗa shi ya zaro ƙasa taki-taki ya jera a kan ciyawa. Zai ɗebo ya jiƙa ya murza tsakanin babban yatsa da manuni. In ta wargaje, alamar ruwa zai ratsa. In ta miƙe kamar zare tana maƙalewa, yumɓu ne, ruwa zai kwanta. Zai kuma duba launi: ɗigo-ɗigon toka-toka a cikin jar ƙasa shaida ce cewa ruwa yana taruwa a wannan zurfin a wani lokaci na shekara, ko da ranar da aka zo wurin a bushe yake ƙamas. Sannan dole a bar tazarar ƙafa 50 zuwa 100 tsakanin ramukan da rijiya, gwargwadon irin rijiyar. A fili eka ɗaya, in ka cire gini da wurin ajiye motoci da wannan tazara, abin da ya rage ba shi da yawa.

Filin titin Rixeyville bai ci wannan jarrabawa ba. Hukumar lafiya ta shaida wa cibiyar cewa ƙasar ba za ta ɗauki sokawe na al'ada ba, bututun gari kuma bai iso wurin ba.

Hanyar da ta rage ita ce tanki rufaffe wanda ba ya tsiyaya, in ya kusa cika a kira motar yasa ta zuƙe ta kai matatar gari. Hukumomin lafiya ba sa son wannan hanya, kuma suna da dalili: tana da tsada, kuma ranar da mai wurin ya gaji da biyan mota, ƙazantar a rafi za ta ƙare. Don haka ƙa'idar Virginia ta ce kwasa da mota na fiye da shekara ɗaya haramun ne, sai in wata hukumar gwamnati ce ta tsaya a kai tana sa ido. A Culpeper wannan hukuma ita ce gunduma, kuma majalisarta ce ke amincewa da kowane mai nema.

A nan gizo ke saƙa. Duk sauran gaɓoɓin sarƙar a hannun ma'aikata suke, masu tef da littafin ƙa'ida. Wannan gaɓa ɗaya tak ce ta faɗa hannun zaɓaɓɓu, mutanen da wayarsu ke ƙara in jama'a sun fusata, waɗanda kuma suke da zaɓe a gabansu.

Wata biyu na takarda ɗaya

A Fabrairun 2016 cibiyar ta miƙa takardarta, aka sa ta a jerin abubuwan da majalisa za ta duba ranar 1 ga Maris. Kafin ranar, wani sanannen mai faɗa-a-ji a harkokin yankin ya aika wa 'yan majalisa da 'yan jarida saƙon imel. Ya ce ya ji Cibiyar Musulunci na son gyara gidan ta mayar da shi wurin salla, ya bi maganar da wani dogon "hmmm", sannan ya nemi a cire batun daga zaman Maris a yi wa jama'a cikakken bayani. Ranar zama lauyar gunduma ta ce tana buƙatar lokaci ta ƙara duba takardar. Aka ɗage.

A tuna da yanayin da ake ciki. Wata uku ke nan da harin ta'addanci na San Bernardino a jihar California na 2 ga Disamba 2015, kuma kwana biyar bayan harin Donald Trump, yana ɗan takara, ya yi kiran a hana Musulmi shiga Amurka. A tsakanin zaman Maris da na Afrilu saƙonni da kiran waya suka yi ta kwarara wa 'yan majalisar Culpeper. Takardar ƙarar da gwamnatin tarayya ta shigar daga baya ta ce da yawa daga cikinsu maganar ta'addanci da harin 11 ga Satumba suke yi, ba maganar tanki ba.

Ma'aikatan gundumar, a yaba musu, sun yi aikinsu. Sun sake dubawa suka ba da rahoton cewa takardar ta cika sharuɗɗan da aka saba bi. Har a cikin wasiƙun da manyan gundumar suka yi wa juna an samu wanda ya rubuta tambayar da kowane mai adalci zai yi: me ya sa wannan takarda kaɗai ake yi wa bin ƙwaƙƙwafi da tsaurara ƙa'ida fiye da duk waɗanda suka gabace ta?

Huɗun da suka hana sun ce addini bai shigo lissafinsu ba. Hujjarsu ita ce izinin kwasa na halin matsi ne, kamar ginin da yake tsaye ana amfani da shi sokawensa ya lalace, ba na wanda ya je da ƙafarsa ya sayi filin da ƙasarsa ba ta shan ruwa ba. Sun kuma ce cibiyar ba ta gama bincika wasu hanyoyin ba, domin akwai sokawe na zamani mai injin tacewa da ake sa wa a ƙasa mai wuya.

Wannan hujja ba shirme ba ce, kuma ba na son mai karatu ya raina ta. Da a ce tun 1992 majalisar ta riƙe wannan ma'auni, ta mayar da coci biyu da kanti uku a kansa, da babu mai cewa uffan ranar da ta mayar da masallaci. Gunduma na da 'yancin ta ce ba ta son tankunan kwasa su yawaita a ƙasarta. Abin da ya karya hujjar shi ne lissafin baya. Sau 26 ana buɗe ƙofa ba tare da an tuna da wannan tsauri ba, sai ranar da Musulmi suka ƙwanƙwasa. Bahaushe na kiran irin wannan fakewa da guzuma a harbi karsana. Ba lallai ne kowane ɗaya daga cikin huɗun yana ƙin Musulmi a zuciyarsa ba, wannan Allah ne masani. Ya isa a ce zaure cike da masu ihu ya sa mutum ya tuno ƙa'idar da ya yi shekara 24 bai waiwaye ta ba.

Dokar da ta shiga tsakani

Abin da ya hana maganar mutuwa a nan wata dokar tarayya ce ta shekarar 2000 da ake taƙaita sunanta da RLUIPA. Asalinta ma rigimar izinin gini ce. A garin Boerne na jihar Texas wani cocin Katolika da aka gina a 1923 ya yi wa masu ibada kaɗan, Babban Bishop Patrick Flores ya nemi izinin faɗaɗa shi, gari ya hana da hujjar unguwar ta tarihi ce. Cocin ya kafa hujja da wata dokar 'yancin addini ta 1993, amma a 1997 Kotun Ƙoli ta ce majalisar tarayya ta wuce gona da iri da ta ɗora wa jihohi wannan doka. Sai majalisa ta koma ta tattara shaidu kan yadda ƙananan hukumomi ke amfani da dokar tsara ƙasa suna takura wa ƙananan addinai, ta rubuta sabuwar doka mai ƙunci wadda ta tsaya ga abu biyu: filayen ibada da 'yancin ibadar fursunoni. Sanata Orrin Hatch na jam'iyyar Republican da Sanata Ted Kennedy na Democrat suka ɗauki nauyinta, ta wuce majalisun biyu ba hamayya, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu ranar 22 ga Satumba 2000.

Dokar ta ce hukuma ba za ta yi amfani da dokar tsara ƙasa ta ɗora wa ibada nauyi mai tsanani ba, sai ta nuna tana da dalili mai ƙarfin gaske, kuma babu wata hanya mafi sauƙi ta cim ma wannan dalili. Ta kuma hana bambanta wani addini da wani. Coci-coci ne suka fi tura ta a lokacin, amma Musulmi sun zo sun ci moriyarta sosai. Wani rahoton Ma'aikatar Shari'a na 2016 ya nuna binciken da ya shafi masallatai da makarantun Islamiyya ya tashi daga kashi 15 cikin ɗari a shekaru goman farko na dokar zuwa kashi 38 daga 2010 zuwa 2016, alhali Musulmi kusan kashi 1 ne na mutanen ƙasar.

Ranar 12 ga Disamba 2016 Ma'aikatar Shari'a, ta hannun sashen kare haƙƙin jama'a da Vanita Gupta ke jagoranta a lokacin, ta maka gundumar Culpeper a kotun tarayya. Zargi biyu ne: ɗora wa ibada nauyi mai tsanani, da nuna bambancin addini.

Amsar gundumar ita ce wurin da ya fi jan hankalin lauyoyi. Ba ta tsaya musun abin da ya faru ba tukuna, cewa ta yi dokar ba ta ma shafe ta ba. RLUIPA a kan dokokin tsara ƙasa take magana, izinin kwasa kuwa maganar lafiyar jama'a ce, don haka a kori ƙarar. In ka bi harafin doka, maganar tana da kama da gaskiya. Kuma da ta samu shiga, da kowace gunduma a Amurka ta koyi darasi: kada ka hana masallaci a ofishin tsara ƙasa inda doka ke kallonka, bari sai ya iso maganar bayan gida.

A ƙarshen Maris 2017 alƙali Norman Moon ya ƙi korar ƙarar. Ya duba yadda izinin yake aiki a zahiri, ba sunan da aka laƙa masa ba. Filin yana yankin da aka halatta wurin ibada. Ba za a samu izinin gini ba sai da hanyar zubar da ƙazanta. Ma'aikata sun ce an cika sharaɗi. In duk da haka majalisa ta hana don ba ta son abin da za a yi a filin, to ta mayar da izinin lafiya ya zama makamin tsara ƙasa, dokar kuwa tana bin sa har can. Ya ce in zarge-zargen da ke cikin ƙarar suka tabbata, sun isa su nuna an karya doka. A lura, bai yanke cewa an nuna bambanci ba. Cewa ya yi akwai abin saurare, a ci gaba da shari'a.

Wani abin lura shi ne an shigar da ƙarar a ƙarshen mulkin Barack Obama, Trump ya hau mulki a Janairun 2017, amma lauyoyin ma'aikatar ba su janye ba. A watan Maris ɗin kuma cibiyar ta shigar da tata ƙarar daban.

Kada a ɗauka Musulmi kaɗai bayan gida ke tarewa. A gundumar Fillmore ta jihar Minnesota, wata dokar 2013 ta tilasta wa gidaje sa tankin zamani don ruwan wanka da wanki. Wasu Kiristoci 'yan ɗariƙar Amish, masu ƙaurace wa lantarki da mota, suka ce addininsu bai yarda ba, suka nemi a bar su su tace ruwan a rami cike da ɓarzajjen itace. Hukumar jiha ta ɗauki mataki a kan iyalai 23, gunduma ta nemi kotu ta fitar da masu ƙarar daga gidajensu in ba su bi ba. Da wannan doka ta 2000 suka kare kansu, maganar ta kai Kotun Ƙoli a Yulin 2021, sai a Yulin 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ba su gaskiya. A can damuwar lafiya ta gaske ce, domin ƙasar yankin dutsen farar ƙasa ce mai ramuka da kogwanni, abin da aka zuba a sama yana saurin isa ruwan sha. Duk da haka kotu ta ce bai isa hukuma ta ambaci lafiya a dunƙule ba, sai ta nuna illar da waɗannan gidaje takamaimai za su jawo. Ma'aunin da ya kare masu rawani a Virginia shi ya kare masu keken doki a Minnesota.

Culpeper kanta ta san wannan tun kafin a haifi Amurka. A 1769 an kulle wani mai wa'azin ɗariƙar Kirista ta Baptist, James Ireland, a kurkukun garin saboda ya yi wa'azi ba da izinin hukuma ba, lokacin da cocin Ingila ne kaɗai addinin gwamnati a Virginia. Irin wannan takura ce ta haifar da dokar 'yancin addini ta Virginia da Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya rubuta, wadda aka zartar a 1786. Waɗanda aka hana izini jiya, jikokinsu ne masu rinjaye yau.

Ba zan wuce nan ba tare da na waiwayi gida ba. Kiristoci a wasu biranen Arewa sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar filin coci, Musulmi a wasu sassan Kudu suna irin wannan kuka a kan masallaci. Sau da yawa ba a cewa an hana, fayil ne kawai yake kwana a kan tebur shekara da shekaru. In ranmu ya sosu da abin da aka yi wa mutum 20 a titin Rixeyville, to tambayar da ta cece su ita ce ya kamata mu iya yi wa ofisoshinmu: takardu nawa irin wannan suka shigo, nawa aka amince, nawa aka mayar, na su wa? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sulhu

Bayan hukuncin Maris gundumar ta ga inda iska ta dosa. Gaba sai tonon wasiƙu da rantsar da 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ga kuɗin lauyoyi. A lokacin ma irin wannan shari'a tana gab da ƙarewa a Bernards ta jihar New Jersey, inda aka yi zama 39 a kan takardar wani masallaci, galibi a kan yawan wurin ajiye motoci, aka hana, daga baya garin ya amince a watan Mayun 2017 zai biya dala miliyan 3.25.

A Afrilun 2017 Culpeper ta sasanta da cibiyar. Ta ba da izinin kwasa, ta amince za ta biya dala 10,000 na ɗawainiyar da cibiyar ta yi, cibiyar kuma ta janye ƙararta. Daga miƙa takarda zuwa samun izini wata 14 ke nan, a kan abin da wasu suka samu a zama ɗaya. Kuma izinin tanki ne kawai. Zanen gini, mashigar titi, ramin fandisho, sufeton lantarki, duk suna gaba, kamar yadda suke gaban kowa.

Gundumar ta ƙara da wasu matakai don kanta: ta lilliƙa sanarwa game da dokar a ofisoshinta da shafinta na intanet, ta horar da ma'aikatanta, ta kafa hanyar karɓar koke ga duk wanda yake ganin an tauye shi. Ma'aikatar Shari'a ta so a ci gaba da tata ƙarar, don a samu umarnin kotu da zai ɗaure gundumar nan gaba. A Satumbar 2017 alƙali Moon ya ƙi. Ya ce an ba da izinin, an gyara tsari, babu sauran rigimar da kotu za ta warware, ya rufe fayil ɗin.

Don haka babu kotun da ta taɓa furta cewa 'yan majalisar nan huɗu sun nuna bambanci, gundumar kuma ba ta amsa laifi ba. Ikon ba da izinin kwasa kuma a lokacin ya ci gaba da zama a hannun zaɓaɓɓu kamar da. Abin da ya ƙaru shi ne hukuncin Maris 2017, wanda ya shiga kundin shari'o'in tarayya, lauyan kowane coci ko masallaci ko majami'ar Yahudawa zai iya buɗe shi ranar da aka ce masa matsalar ba ta addini ba ce, ta bututu ce.